Waƙa mai gaɓa 31: yadda sarakunan Japan suka ɗaukaka harshensu da kundin waƙoƙi

A tsakiyar watan Janairu na kowace shekara, fadar sarkin Japan da ke birnin Tokyo kan shirya wani zama da ake kira Utakai Hajime, wato buɗe shekara da waƙa. Sarki da sarauniya da ƴaƴan gidan sarauta kowa kan zo da waƙar da ya rubuta a kan jigo ɗaya da aka sanar tun shekarar da ta gabata. Talakawa ma kan aiko da dubban waƙoƙi, a zaɓi goma daga ciki, a gayyaci masu su, a rera a gaban sarki da jan murya, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Babu kiɗa, babu amshi, kuma kowace waƙa ba ta wuce ɗango biyar.

Sunan wannan waƙa a harshen Japananci shi ne "waka". Bahaushe zai ji kamar an ɗauko kalmar daga bakinsa, amma dacewa ce kawai. Ma'anarta a can ita ce "waƙar Japan", kuma an raɗa mata sunan ne don a bambanta ta da waƙar da ake rubutawa da Sinanci. Wannan bambanci shi ne tushen labarin. Tsakanin shekarar 905 da 1439, sarakunan Japan sun ba da umarnin tattara kundin waƙoƙi har 21, masu ɗauke da waƙoƙi sama da 33,000. Ta wannan hanya harshen da ake yi wa kallon na hirar gida ya samu kujera a fada, kusa da Sinanci wanda shi ne harshen mulki da ilimi a lokacin.

Yadda waƙar take

Waka ba ta da amsa-amo, kuma ba a auna ta da irin karin da muka sani a rubutacciyar waƙa. Gaɓoɓi ake ƙirgawa: ɗangon farko biyar, na biyu bakwai, na uku biyar, na huɗu da na biyar bakwai-bakwai. Jimilla 31 ke nan, abin da mutum zai faɗa cikin numfashi biyu.

Da yake filin ƙanƙane ne, mawaƙan sun ƙirƙiro dabarun sa kalma ɗaya ta yi aikin biyu. A Japananci kalmar "matsu" tana nufin wata bishiya mai ganye kamar allura, tana kuma nufin jira. Mawaƙi zai ambaci bishiyar a bakin teku, mai sauraro kuma ya fahimci cewa wani na can yana dakon masoyinsa. Sunayen wurare ma suna da nasu kaya: tsaunin Yoshino yana tafe da furen sakura da dusar ƙanƙara, kogin Tatsuta kuma da jajayen ganyen kaka. Duk mai ilimin fada ya san wannan, don haka ambaton suna kaɗai ya wadatar. Akwai kuma wata ƙa'ida mai nauyi: ana guje wa kalmomin aro daga Sinanci, duk da cewa sun cika bakin ma'aikatan fada.

Lokacin da Sinanci ke riƙe da alƙalami

Japanawa ba su da rubutu nasu na asali. Sun karɓi haruffan Sin ta hannun masana da suka zo daga yankin Koriya, tare da addinin Buddha da tsarin gudanar da mulki. A zamanin da birnin Nara ke hedikwata, daga shekarar 710, doka da tarihi da takardun ofis duk da Sinanci ake yin su.

Duk da haka an riƙa waƙa da harshen gida. Kundin Man'yoshu, wanda waƙarsa ta ƙarshe mai kwanan wata ta 759 ce, ya ƙunshi waƙoƙi kusan 4,500, har da na sojojin tsaron iyaka da na mutanen karkarar gabas. An rubuta shi da haruffan Sin, ana amfani da wasu don ma'anarsu, wasu don sautinsu kawai. Wannan hanya ta yi wahala ƙwarai, har bayan ƙarni biyu sai da aka kafa kwamitin masana don ya warware yadda ake karanta shi.

Bayan an mayar da hedikwata Heian, wato Kyoto ta yau, a 794, Sinanci ya ƙara ƙarfi. Kundin waƙoƙi uku na farko da fada ta ba da umarnin tattarawa, a 814 da 818 da 827, duka na waƙoƙin Sinanci ne. Waka ta koma wasiƙun masoya da ɗakunan mata.

A wannan tsakani ne aka sauƙaƙa wasu haruffan Sin aka mayar da su alamomin sauti, kowace alama gaɓa ɗaya. Wannan shi ne rubutun "kana". Wanda ya san yadda aka lanƙwasa baƙaƙen Larabci suka zama ajami zai gane abin da ya faru. An riƙa kiran salon da ya fi yaɗuwa "hannun mata", domin ba kasafai ake koya wa mata Sinanci ba, kuma namiji mai neman muƙami da Sinanci yake nuna iliminsa. Sai kuma al'amuran waje suka sauya: a 894, bisa shawarar masani Sugawara no Michizane, aka dakatar da tura tawagar jakadu zuwa daular Tang ta Sin, daular da ta rushe a 907.

Umarnin shekarar 905

Sarki Daigo ya umarci mutum huɗu su tattara waƙoƙin da da na yanzu: Ki no Tsurayuki, da ɗan'uwansa Ki no Tomonori wanda ya rasu kafin a gama aikin, da Oshikochi no Mitsune, da Mibu no Tadamine. Babu babban basarake a cikinsu. Ƙananan ma'aikatan fada ne waɗanda gwanintar waƙa ta fito da su. Kundin da suka miƙa shi ne Kokinshu, mai waƙoƙi kimanin 1,100 a cikin littattafai 20, kuma ɗaruruwa daga ciki ba a san masu su ba.

Kundin yana da gabatarwa biyu. Ɗaya da Sinanci, kamar yadda aka saba ga duk takardar da za ta shiga gaban sarki. Ɗayar kuma Tsurayuki ya rubuta ta da Japananci, da rubutun kana. A ciki ya yi bayanin asalin waka da tarihinta, ya danganta ta da abin da ke motsa zuciyar ɗan'adam, sannan ya auna wasu mawaƙa shida na ƙarnin da ya gabata, ya faɗi ƙarfin kowa da rauninsa. Cikinsu akwai Ariwara no Narihira da mace ɗaya, Ono no Komachi. Wannan gabatarwa ce ake ɗauka a matsayin mafarin nazarin adabi da harshen Japananci. Mai karatu da ke zaune a ƙasar da ake aikin ofis da harshe ɗaya ana hira a gida da wani zai fahimci nauyin abin: harshen gida ya shiga littafin da ke ɗauke da umarnin sarki, kuma ya yi bayanin kansa da kansa.

Tsurayuki bai tsaya nan ba. Wajen 935, bayan ya gama aikin gwamna a lardin Tosa, ya rubuta labarin tafiyarsa ta komawa gida da kana, amma ya sa muryar mace a matsayin mai ba da labari, saboda maza da Sinanci suke rubuta irin wannan.

Kundi mai tafiya kamar labari

Abin da ya fi jan hankalin masu nazari shi ne yadda aka jera waƙoƙin. Ba a bi sunan mawaƙi ko zamaninsa ba. Littattafai shida na farko sun bi lokutan shekara huɗu na Japan: biyu ga lokacin tohon furanni, ɗaya ga lokacin zafi, biyu ga kaka, ɗaya ga hunturu. A ciki waƙoƙi na tafiya daki-daki, daga ragowar dusar ƙanƙara zuwa furen farko, zuwa buɗewar sakura, zuwa zubewarta.

Littattafai biyar kuma na soyayya ne, su ma a jere: son wanda aka ji labarinsa ba a gan shi ba, ɓoye so, haɗuwar farko, tsoron tsegumi, sanyin zuciya, rabuwa, sannan tunawa. Waƙar mutumin da ya rasu shekara ɗari za ta zauna kusa da ta mai rai, su zama kamar tambaya da amsa. Sauran littattafan sun ƙunshi taya murna, bankwana, tafiya, makoki da sauransu. Kusan duk kundin da suka biyo baya sun bi wannan tsari.

Waƙa a rayuwar fada

Ga mutanen fadar Heian, iya waka larura ce. Mace ƴar manyan gida tana zaune ne a bayan labule, namiji bai cika ganin fuskarta ba kafin aure. Da waƙa yake neman ta, da waƙa take amsawa, kuma ana duba kyawun rubutun hannu, launin takarda, har da reshen furen da aka ɗaura wasiƙar a jiki. Idan ya kwana a wurinta, wajibi ne ya aiko da waƙa da sassafe. Jinkiri kaɗan na iya zama cin fuska. Littafin labarin Genji da Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11 yana ɗauke da irin waɗannan waƙoƙi kusan 800.

Mata sun yi fice sosai. A kundi na huɗu, Goshuishu na 1086, Izumi Shikibu ce ta fi kowa yawan waƙoƙi. Amma a duk tsawon tarihin kundin 21 ba a taɓa naɗa mace a matsayin mai tattarawa ba.

Akwai kuma gasa. Ana raba mawaƙa gida biyu, hagu da dama, a ba da jigo, a karanta waƙa ɗaya daga kowane ɓangare, alƙali ya yanke hukunci tare da faɗin dalili. Gasar da ta fi shahara ita ce ta 960 a fadar Sarki Murakami, wanda tun 951 ya kafa ofishin waka a cikin fada. A zagaye na ƙarshe, na 20, aka haɗa Taira no Kanemori da Mibu no Tadami a kan jigon so. Alƙali ya rasa wadda zai fifita, har aka ji sarki yana maimaita waƙar Kanemori a hankali, sai aka ba shi nasara. Wani labari da aka rubuta ƙarnuka bayan haka ya ce baƙin ciki ya hana Tadami cin abinci har ya mutu. Almara ce, amma ta nuna yadda ake ɗaukar abin.

Sunan da aka goge

Shiga kundin sarki, ko da da waƙa ɗaya, shi ne babban burin kowane mawaƙi, domin yana nufin sunansa zai daɗe muddin fadar na nan. Saboda haka siyasa ba ta bar kundin ba.

A 1183, ana tsakiyar yaƙi tsakanin gidan Taira da gidan Minamoto, sarki mai murabus Go-Shirakawa ya umarci Fujiwara no Shunzei ya tattara kundi na bakwai, Senzaishu. A shekarar ce ƴan Taira suka tsere daga Kyoto. Littafin Heike, wanda ya ba da labarin yaƙin, ya ce jarumi Taira no Tadanori ya juyo daga hanya ya ƙwanƙwasa ƙofar Shunzei, malaminsa, ya miƙa masa naɗin waƙoƙinsa sama da ɗari, ya roƙi a sa ko guda ɗaya. An kashe Tadanori a fagen daga a 1184. Da aka kammala kundin wajen 1188, Shunzei ya sa waƙarsa, amma ya rubuta cewa ba a san mai ita ba, domin a lokacin an ayyana ƴan Taira a matsayin maƙiyan fada.

Yaƙin ya ƙare da mulki ya koma hannun mayaƙa, ƙarƙashin shugaba mai laƙabin Shogun a garin Kamakura. Sarki ya rasa dakaru da yawancin iko, sai darajar al'ada ta rage masa, kuma waka na kan gaba a ciki.

Go-Toba da Teika

Sarki Go-Toba ya yi murabus a 1198 yana matashi, ya ci gaba da juya fada daga bayan fage. A 1201 ya farfaɗo da ofishin waka, ya naɗa mutum shida su tattara kundi na takwas, Shin Kokinshu, wato sabon Kokinshu. Fitacce a cikinsu shi ne Fujiwara no Teika, ɗan Shunzei. An yi bikin kammalawa a 1205, amma Go-Toba ya ci gaba da sa a cire wannan a ƙara wancan na tsawon shekaru, abin da Teika ya koka da shi a littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum. Kundin yana da waƙoƙi kusan 2,000, kuma wanda ya fi yawa a ciki shi ne Saigyo, tsohon dogarin fada da ya bar aiki ya zama malamin addinin Buddha mai yawo, da waƙoƙi 94.

Mawaƙan wannan zamani sun ƙware a wata dabara: a ɗauko ƴan kalmomi daga tsohuwar waƙar da kowa ya haddace, a dasa su a sabon yanayi, mai sauraro ya ji waƙoƙi biyu a lokaci guda. Teika ya shimfiɗa ƙa'idojin yin haka, har da iyakar abin da ya halatta a ara, don kada aro ya zama sata.

A 1221 Go-Toba ya yi yunƙurin kifar da gwamnatin Kamakura. An murƙushe dakarunsa cikin ƴan makonni, aka kore shi zuwa tsibiran Oki. A can ya zauna har rasuwarsa a 1239, kuma bai daina gyaran kundin ba: ya cire ɗaruruwan waƙoƙi, ya bar nasa kwafin na daban. Shi kuwa Teika, da aka ba shi aikin kundi na tara shi kaɗai, wanda aka kammala a 1235, bai sa waƙar Go-Toba ko ɗaya ba, don gudun fushin Kamakura. Maimakon haka ya ba mayaƙa wuri, ciki har da Shogun Minamoto no Sanetomo, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa ta wasiƙa.

Rigimar gado da ƙarshen kundin

Bayan rasuwar Tameie, ɗan Teika, a 1275, zuriyar ta rabu gida uku: Nijo, Kyogoku da Reizei. Rigimar ta haɗa da gonaki, da tsofaffin littattafan da aka gada, da kuma wanda za a ba aikin tattara kundi na gaba. Abutsu, matar Tameie, ta yi tattaki daga Kyoto zuwa Kamakura a 1279 don ta shigar da ƙara a madadin ɗanta, wanda ya kafa gidan Reizei. Kyogoku Tamekane, mai son sabon salo, ya samu damar tattara kundi a 1312, amma sau biyu ana korarsa zuwa gudun hijira saboda shiga rikicin gadon sarauta.

Gidan Nijo mai riƙo da tsohon salo shi ya fi samun aikin, kuma sannu a hankali waƙoƙin suka zama maimaici. Kundi na 21 ya fito a 1439. An fara shirin na 22, sai yaƙin Onin ya ɓarke a 1467, ya ƙone babban ɓangaren Kyoto, shirin ya tsaya ke nan.

Ya kamata a faɗi iyakar abin da kundin suka yi. Ba su kori Sinanci daga ofis ba. Teika kansa da salon Sinanci ya rubuta littafin rayuwarsa, kuma takardun hukuma sun ci gaba a haka ƙarnuka da dama. Sannan duniyar da ke cikinsu ƙarama ce: manoma da masunta ba sa bayyana sai a matsayin ado. Abin da suka yi shi ne adana harshen adabi guda, da kalmominsa da nahawunsa, tsawon shekaru sama da 500, har ya zama ma'aunin da ake koyar da yara da shi.

Abin da ya rage a yau

A 1898 wani matashin marubuci, Masaoka Shiki, ya caccaki Kokinshu da Tsurayuki a jarida, ya ce a koma ga sauƙin Man'yoshu a kuma rubuta abin da ido ya gani. Daga wannan zamani sunan "tanka", wato gajeriyar waƙa, ya maye gurbin waka ga sabbin waƙoƙi, amma gaɓoɓin nan 31 ba su canza ba. Manyan jaridun Japan har yanzu suna da shafin mako-mako na tankar masu karatu. Haiku mai gaɓa 17, wadda ta fi suna a waje, daga ɗango uku na farkon wannan tsari ta samo asali.

Masu karatu da Faransanci sun daɗe da samun ɗanɗanon waka: a 1885 Judith Gautier ta wallafa fassarar wasu a Paris, da taimakon Saionji Kinmochi, wanda daga baya ya zama firaministan Japan.

Kalmomin taken ƙasar Japan sun samo asali ne daga wata waƙar taya murna a Kokinshu wadda ba a san mai ita ba. Sunan zamanin sarki mai ci, Reiwa, wanda ya fara a 2019, daga Man'yoshu aka ciro shi, karo na farko da aka ɗauko irin wannan suna daga littafin Japan maimakon na Sin. A lokacin sabuwar shekara iyalai kan yi wasan kati da waƙoƙi 100 na mawaƙa 100 da ake danganta zaɓinsu ga Teika: mutum ɗaya na karanta farkon waƙa, saura na rige-rigen cafke katin da ke ɗauke da ƙarshenta.

Gidajen Nijo da Kyogoku sun daɗe da ƙarewa. Gidan Reizei, wanda Abutsu ta yi wa shari'a, yana nan a Kyoto kusa da tsohuwar fada. Da sarki ya koma Tokyo a 1869 su ba su bi shi ba, kuma a rumbun gidan ne aka adana dubban tsofaffin takardu, ciki har da littafin Teika da rubutun hannunsa.